RUWAN GARI KO RUWAN UNGUWA? Jawabi Kan Lafiyar 'Yan Arewa Mazauna Fatakwal Da Anaca Da Inugu



Akwai wata magana da ta daɗe a bakin mutanen Arewa mazauna Kurmi. Idan yaro ya sauka Fatakwal ko Anaca da ƙarfinsa, bayan wata huɗu aka ga ya rame, idonsa ya yi fari, ga tari ga zazzaɓi, sai manya su girgiza kai su ce ruwan garin ne bai karɓe shi ba. Daga nan sai a yi karo-karo, a nema masa wuri a bayan motar da ta sauke shanu ko albasa za ta juya, a ce a kai shi gida. Wani ya isa ya warke. Wani ya isa ya kwanta. Wani kuwa ko Makurɗi ba ya kaiwa. Babu wanda ya rubuta ɗakin da yake kwana, ko rijiyar da yake sha, ko mutum nawa suke haɗa numfashi da dare. Kafin mako ya zagayo wani yaron ya shimfiɗa tabarma a gurbinsa.

Maƙasudin wannan jawabi shi ne a tsai da wannan magana a tambaye ta: wane ruwa? Gari ɗaya ne, amma mutumin Arewa da ke zaune a unguwar manya ta G.R.A. ba a cika jin ruwa ya ƙi karɓarsa ba. Ɗan'uwansa da ke kwana a shago a Diobu, ko a gindin gada a Anaca, shi ne ruwa ke ƙi. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Ashe ba ruwan gari ba ne, ruwan unguwa ne, shi da iskarta da lambatunta da masanta da kuma irin barcin da ake samu a cikinta. Abin da ya rage shi ne a san wane ne zai binciko wannan, kuma a hannun wa sakamakon zai zauna.

BA BAƘIN JIYA BA NE

Da farko ya kamata a kawar da wani ruɗu, watau cewa mutumin Arewa a Gabas baƙo ne, raɓa, wanda ba shi da bakin magana a kan famfo ko lambatu. Tarihi bai yarda da haka ba. Tun wajen ƙarshen ƙarni na 19 maharban giwa daga Arewa suka yi zango a Elele, cikin ƙasar Ikwerre, kafin a san za a yi wani gari wai shi Fatakwal. Farfesa Egodi Uchendu ta Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka ta bi diddigin wannan a littafinta na 2011 a kan isowar Musulunci ƙasar Ibo. An gano kwal a Udi a 1909, aka kafa Fatakwal a 1912 domin a sami inda za a loda shi a jirgin ruwa, dogo ya haɗa ta da Inugu a 1916, sannan da aka buɗe gadar Makurɗi a 1932 shanu da wake suka sami hanya miƙaƙƙiya har bakin teku. Anaca kuwa kogin Kwara ne titinta tun kafin gadar 1965. Da Inugu ta zama birni mai magajin gari a 1956, wanda ya fara hawa kujerar shi ne Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga Sifawa ta ƙasar Sakkwato. Bugu da ƙari, sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya bai wa kowane ɗan ƙasa damar ya zauna inda ya ga dama a Nijeriya.

Amma duk da wannan daɗewa, a tambayi kowace hukuma: mutum nawa ne ke kwana a unguwar Hausawa ta titin Bida a Anaca, ko titin Owerri a Asata, ko Garki a Awkunanaw? Ƙidayar 2006 ba ta tambayi kowa ƙabilarsa ko addininsa ba. Akwai hikima cikin haka ga wanda ya san rigimar da ƙidaya ta sha jawowa a ƙasar nan, amma abin yana da farashi. Ga kuma al'adar nan ta mutane su koma garuruwansu a ƙidaya su a can. To, daga alƙaluman ƙidaya ne ake ƙiyasta yawan yaran da za a yi wa rigakafi a kowace gunduma. Wanda ba ya cikin lissafi, ba a auna tuwo da shi.

Mutanen bakin ruwa na Fatakwal sun ɗanɗana wannan fiye da kowa. Ran 28 ga Agusta, 2009, aka rushe unguwar Njemanze. Da ƙungiyar Amnesty International ta zo faɗin yawan waɗanda suka rasa matsuguni, abin da ta iya cewa shi ne tsakanin mutum 13,800 da 19,000. A lura da wannan tazara: mutum fiye da dubu biyar ke nan, gari guda, da ba a tabbatar ko sun taɓa zama a wurin ba, domin babu wanda ya ƙidaya su tun gidajen na tsaye. Ran 12 ga Oktoba na wannan shekara jami'an tsaro suka buɗe wuta a kan masu zanga-zanga a Bundu, al'amarin da ya kai har kotun ECOWAS, wadda ta ba mutanen Bundu gaskiya a 2014. A Yunin 2012 aka rushe Abonnema Wharf.

Abin koyi shi ne abin da mutanen suka yi bayan haka. Sun gane cewa unguwar da ba ta cikin taswira, share ta ba wuya. Tare da wata ƙungiya mai suna CMAP, samarin bakin ruwa suka koyi awon ƙasa da zanen taswira, suka bi lungu-lungu suna sa gidajensu a takarda, suka kuma kafa ɗakin rediyo a bakin ruwan Okrika. Suka raɗa wa aikin suna Chicoco, watau baƙin taɓon nan da iyayensu suka riƙa haƙowa daga fadama suna cike ruwa har ya zama ƙasar da za a yi gini. Haka nan ƙungiyar mazauna unguwannin talakawa ta Nijeriya, da taimakon lauyoyin JEI, ta riƙa ƙidaya gidaje da wuraren ɗiban ruwa da masai a Ikko da Fatakwal. Ba a daina rusau ba, gaskiya ce, domin an sake yi a bakin ruwan Diobu a farkon 2022. Sai dai wanda ya je gaban hukuma da taswira da lissafi, ba a yi masa korar da ake yi wa wanda ya je da kuka kaɗai.

BINCIKEN MAI ƊAKI

Masana suna da dogayen sunaye ga irin wannan aiki. A Hausa ana iya kiransa binciken mai ɗaki, tun da mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bambancinsa da binciken da aka saba shi ne wannan. A wancan, malami ne zai taso daga jami'a da tambayoyinsa a rubuce, ya cika takardu, ya tafi. Ko mafi nagartar irinsa haka yake. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Badun a 1962 da 1963, ya ƙidaya mutanen unguwar, kimanin dubu huɗu a lokacin, ya fahimci sha'anin masu gida da dillalan shanu da goro ƙwarai da gaske. Littafinsa ya fito a Ingila a 1969, da Turanci, har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Ya amfani ilmi, amma ba domin a karanta shi a zauren Sarkin Sabo aka rubuta shi ba. A binciken mai ɗaki kuwa, mutanen unguwa ne za su zaɓi tambayar, su ne za su bi gidaje, da su za a zauna a fassara abin da aka samo, malamin jami'a kuma ya kawo abin da ya iya, watau ma'auni da lissafi da gwajin ruwa.

Ba sabon abu ba ne. A birnin Shikago na Amurka, cikin shekarun 1890, akwai wata unguwa ta baƙi 'yan ci-rani daga Italiya da Ailan da Rasha da sauran ƙasashen Turai, inda mace-mace suka yi yawa. Wata mata mai suna Jane Addams ta buɗe gida a tsakiyarsu a 1889. Mata goma sha biyu daga ƙungiyar matan unguwar suka raba lunguna tsakaninsu, bayan sun gama aikin gida su fita duba juji. Cikin wata biyu suka kai wa ma'aikatar lafiya ƙararraki 1,037 na inda aka karya dokar tsabta. A 1895 aka naɗa Jane Addams duba-garin shara ta gundumar. Ba likita ko ɗaya cikin matan nan. Ƙafa suke da ita da ido da littafi.

To, mene ne mutumin unguwa zai gani wanda baƙon malami ba zai gani ba?

Abu na farko, unguwar Hausawa iri biyu ce: ta rana da ta dare. Mai takarda yakan iso da ƙarfe goma na safe, ya tarar da ɗaki a kulle ko tsoho ɗaya a ƙofa, ya rubuta mutum biyu ko uku. A lokacin masu gyaran takalmi da masu yankan farce da 'yan ga-ruwa da masu tura baro da 'yan bola sun bazu cikin gari tun da sassafe. Sai bayan lisha suke dawowa, su cika ɗakin, su cika shaguna, su cika barandar masallaci, wasu su kwana ƙarƙashin tirela a tasha. Masu gadi kuma su dawo da safe su kwanta a shimfiɗar da wasu suka tashi, ta yadda tabarma ɗaya ba ta hucewa dare da rana. Ƙidayar gaskiya ta irin wannan wuri sai da asuba, kuma ladan ya fi kowane malami sanin yawan takalman da ke ƙofar masallaci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan ana rabon gidan sauro, gida-gida ake bi a ba da kati, mutum biyu gidan sauro ɗaya. Wanda ke kwana a baranda ba shi da gida a idon takarda, ko da an ba shi ma ba shi da inda zai ɗaura. Alhali kuwa a Kano ruwan shekara bai cika kaiwa milimita 1,000 ba, sauro ma yana da lokacinsa, a Fatakwal kuwa ruwa yana haura milimita 2,000, sauro ba ya tafiya hutu.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi, kuma ya shafi kalandar ci-rani. Maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, amma sai an sha shi wata shida cur ba fashi. Ɗan ci-rani yakan gangaro bayan kaka, wajen Nuwamba ko Disamba, ya koma idan damina ta kusa faɗuwa. A ce tarin ya bayyana a Fabrairu, aka gwada majina aka fara magani a Maris. Ruwan shuka zai sauka a Katsina ko Haɗeja yana cikin wata na uku ko na huɗu. Ya ji ƙarfi, tari ya lafa, ga gona tana kira, ga tsoho ya aiko. Sai ya hau mota. A littafin asibiti za a rubuta cewa ya gudu, malamin asibiti kuma ya ƙara yarda cewa mutanen nan ba su jin magana. Shi kuwa ba gudu ya yi ba, noma ya tafi. Akwai takardar da ake bai wa majiyyaci ya ci gaba da karɓar magani a cibiyar garinsu, amma sai wanda ya san da ita yake tambaya. Cutar da aka yi wa rabin magani takan dawo, wani lokaci ta dawo ba ta jin maganin farko, kuma ta dawo a ɗaki biyu: na ƙauye inda matarsa da 'ya'yansa suke, da na Kurmi inda mutum goma ke kwana taga a rufe. Babu takardar tambayoyi da aka rubuta a ofis da za ta gano wannan, sai in an zauna da wanda ya san lokacin shuka.

Sai kuma sha'anin mata, wanda shi ne aka fi barinsa a duhu. Gidan da aka rubuta "ba shiga" namiji mai bincike ba ya wuce zaure, abin da maigida ya faɗa masa shi zai rubuta, maigida kuwa tun safe yana kasuwa. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ungozoma da malamar Islamiyya da mai kitso su ne suka san wadda ta yi ɓari, da wadda ta je awo sau ɗaya ba ta koma ba saboda ba ta jin Ibo, ba ta jin buroka, aka daka mata tsawa a gaban mutane, ko aka ce ta faɗi abin da ke damunta ta bakin ɗanta ɗan shekara tara. Su ne kuma suka san zancen goyon ciki. Yarinya mai cikin fari takan koma gidan iyayenta a Gusau ko Azare ta haihu, ta yi wankan jego, sai bayan arba'in ko fiye ta dawo. Allurar rigakafi kuwa ana yin ta ne da haihuwa, da mako shida, da goma, da goma sha huɗu, sannan ta ƙyanda a wata tara. Ke nan kati yakan fara a Arewa, ya tsinke a hanya. Can suna tsammanin an ƙarasa a nan, nan ba su san da yaron ba.

Iska da ruwa su ma sai an auna su a ƙofar gida. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin birane, Anaca ta zo kan gaba wajen ƙurar da ke cikin iska, da ma'auni 594 a inda Hukumar ta ce kada a wuce 20, kusan ninki talatin ke nan. Kada wani ya yi dariya, domin Kaduna ma tana cikin na sama-sama a jerin. Amma lamba ɗaya ga gari guda ba ta faɗin abin da mai shayi ke shaƙa a gindin gada, inda manyan motoci ke yini suna hayaƙi. Haka baƙar kunkunniyar da ta fara sauka a Fatakwal a ƙarshen 2016, har gwamnatin Jihar Ribas ta kafa kwamiti a kanta a Fabrairun 2017, wadda aka danganta da masu dafa ɗanyen mai a ɓoye cikin fadamu, da ƙona kayansu da jami'an tsaro ke yi, da ƙona tayoyi. A kan kowa take sauka, amma mai barci a ɗaki mai silin da mai barci a fili ba daidai suke sha ba. Inugu kuwa matsalarta ƙishirwa ce: gari ne a kan dutse da kwal, rijiyoyi na ƙafewa da rani, ruwan famfo daga nesa yake zuwa, daga Ajali da Oji da wajen Ninth Mile, sauran kuma sai tanka. Nawa jarka take a Maris, nawa take a Agusta, daga ina aka ɗebo ta, yara nawa suka yi gudawa a makon da ta yi tsada? Ɗalibin sakandare da littafin rubutu zai iya amsa wannan cikin wata uku.

TSORON TAKARDA

Yanzu sai a zo ga abin da ke cikin zukatan dattawa, ko ba su furta ba. Za su ce: a rubuta yawan mutane, a zana inda suke kwana, in takardar ta faɗa hannun da bai kamata ba fa? Wannan tsoro ba na banza ba ne, kuma duk mai binciken da ya raina shi bai cancanci a ba shi tabarma ba. Akwai waɗanda iyayensu suka ga 1966, lokacin da aka yi wa Ibo kisan gilla a garuruwan Arewa, ramuwa ta biyo baya a Gabas, har Gwamna Ojukwu ya ce waɗanda ba 'yan Gabas ba su fita. Akwai waɗanda da idonsu suka ga Fabrairun 2006 a Anaca, bayan kashe-kashen Maiduguri, lokacin da aka ƙona masallatai, mutane suka tsallaka gada a guje zuwa Asaba, wasu suka fake a barikin soja. Zaman gida na ranar Litinin da aka fara a Agustan 2021 ya ƙara wa mutane ɗari-ɗari. Shi kansa wannan tsoro ciwo ne, kuma ya kamata ya shiga cikin binciken: mutumin da shekara ashirin yana barci da kunne ɗaya a buɗe, kuɗin motarsa a ɗaure a ƙugu, wanda ba ya gyara masai ko rufin ɗaki saboda kullum gani yake gobe zai tashi.

Akwai kuma tabo na biyu, wanda kalmar bincike kanta ta bari. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana na Kano a kan yara kimanin 200. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, aka yi ta shari'a har aka sasanta da Jihar Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wannan yana cikin abin da ya ba jita-jita ƙarfi lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 zuwa 2004. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Amma maganin wannan ba ɓuya ba ne. Mai mugun nufi ya san hanyar titin Bida ba tare da taswira ba. Wanda bai san ta ba shi ne mai rabon magani. Magani shi ne sharaɗi, kuma a gindaya shi tun kafin a buɗe littafi. Kada a rubuta sunan kowa, lamba ta isa. Taswirar da ta nuna wuraren kwana ta zauna a hannun kwamitin unguwa, wadda za a kai wa hukuma ta nuna famfo da lambatu da juji da nisan asibiti kawai. Duk abin da aka samo, a fara karanta shi da Hausa a cikin unguwa, maza a wurinsu mata a wurinsu, a yi gyara, kafin ya fita da Turanci. Wanda ya zo ɗibar jini ko majina ya nuna takardar kwamitin da ke sa ido a kan binciken lafiya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a yi bincike a kan mutum sai da yardarsa a rubuce, bayan an fahimtar da shi. Samari da 'yan matan da suka bi gidaje kuma a biya su ladan ƙafarsu, a sa sunansu a aikin.

Ya kamata shugabanni su sani tun yanzu cewa irin wannan bincike ba gwamnati kaɗai yake tona wa asiri ba. Zai nuna maigidan da ya tara yara goma sha biyar a ɗaki ɗaya yana karɓar kuɗin kwana, masai ɗaya tak, shi kuwa ya gina bene a garinsu. Zai nuna mahaucin da ke babbake fata da ƙafafu da tsohuwar taya a mayanka, yaransa suna tsaye cikin hayaƙin tun asuba. Zai nuna mai kemis ɗan gida da ke yanka wa mutum maganin kwana biyu saboda iyakar kuɗinsa ke nan. Waɗannan ba Ibo ba ne, ba Ikwerre ba ne, 'yan sahun gaba ne a masallaci. In kwamitin bincike ya zama na masu gida zalla, to an gama rufe bakinsa. Tilas a sa ɗan ga-ruwa a ciki, a sa ungozoma, a kuma bar su su yi magana.

Haka nan kuskure ne a yi aikin a matsayin na Hausawa su kaɗai. Lambatu bai san ƙabila ba. Wanda ya toshe a bayan masallaci shi ne yake ambaliya a ƙofar cocin da ke gaba, kuma ruwan da ya mamaye Ogbaru da gefen Anaca a 2012 da 2022 bai tambayi kowa takardar asalin jiha ba. Matar Ibo mai sayar da abinci a bakin tasha da mai tsiren da ke kusa da ita hayaƙi ɗaya suke sha. Takardar da ta isa ƙaramar hukuma da hannun Sarkin Hausawa kaɗai, koken baƙi ce. Wadda ta isa da hannunsa da na shugaban masu gidajen layin, koken masu ƙuri'a ce.

Ina za a kai abin da aka samo? Ƙofofin suna nan. A reshen Jami'ar Nijeriya da ke Inugu akwai ƙungiyar masu binciken manufofin lafiya da Farfesa Obinna Onwujekwe ya jagoranta, wadda ta shiga wani shiri mai suna CHORUS da aka fara a 2020 da kuɗin gwamnatin Ingila, tare da masana daga Ghana da Nepal da Bangladesh. A unguwannin talakawa na Inugu da Anaca suka yi aikinsu, a kan yadda za a haɗa masu kemis da ungozomomi da masu ɗori da asibitocin gwamnati, watau ainihin mutanen da ɗan ci-rani yake fara zuwa wurinsu. Masana irin waɗannan ba sai an jira sun zo ba, ana iya aika musu wakilai da tambaya a hannu. A ƙasa kuma, tsarin lafiya a matakin farko ya tanadi kwamitin raya gunduma da ke sa ido a kan asibitin kowace gunduma. Kowace unguwa ta bincika ko tana da kujera a ciki. Dokar 2014 ɗin nan ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kiwon lafiya na farko, ta kuma haramta wa kowane asibiti ya mai da wanda aka kawo cikin halin gaggawa, ko da wane dalili.

Ba sai an jira jami'a ba kafin a fara. Kowace tasha da motocin Arewa ke lodi, a Oyigbo ko gindin gadar Anaca ko Garki, tana da shugaba da magatakarda, kuma babu majiyyacin da ake sa wa a mota ba da saninsu ba. A saya wa magatakarda littafi mai kauri, a ja masa layi shida: kwanan wata, shekarun majiyyaci, sana'arsa, layin da yake kwana, abin da ke damunsa, da ko an kai shi asibiti kafin a ɗauko shi. A bar layi na bakwai fari, direba ya cika in ya dawo: ya isa, ko bai isa ba. Ranar Juma'ar ƙarshen kowane wata a kawo littafin zauren Sarki a karanta.